Tambaya da Amsa: Jakar da ke haɗa wa tsako garkuwa tun yana cikin ƙwai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji a wajen Zariya. Likitan dabbobi ya buɗe gawar wani tsakona da cutar Gumboro ta kashe, ya nuna mini wata 'yar jaka da ta kumbura a saman dubura, ya ce nan ne tushen garkuwar kaza. Yaushe wannan jaka take fara aiki, kuma yaya take yinsa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Likitanka ya nuna maka wurin da ya dace. Sunanta jakar Fabrishiyus, ko bursa, an raɗa mata sunan wani masanin sassan jiki na Jami'ar Paduwa a Italiya, wanda bayaninsa a kanta ya fito a 1621. An yi sama da shekara 300 ba a san amfaninta ba, sai a 1956 Bruce Glick da Timothy Chang a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka suka ga kajin da aka cire wa jakar suna ƙanana sun kasa yin antibodi, wato sinadarin da jini ke amfani da shi ya kama ƙwayar cuta. Ƙwayoyin jinin da ke yin antibodi su ne ƙwayoyin B, kuma a jikin tsuntsu a wannan jakar kaɗai suke nuna.

Ƙwai na kwana 21 kafin ƙyanƙyasa. Wajen kwana na 4 zuwa na 5 jakar ke fara tsirowa, amma babu kowa a cikinta. Tsakanin kwana na 8 da na 14 ne ƙwayoyin asali, waɗanda za su zama ƙwayoyin B, ke biyo jini su shiga, kuma sau ɗaya suke zuwa. In wannan lokaci ya wuce, ƙofa ta rufe. Bangon jakar na da ninki-ninki, a cikinsu akwai ƙananan ɗakuna kimanin 10,000, kowane ɗaki ƙwayoyi 2 zuwa 5 ne suke kafa shi, sai su yi ta rabuwa har su cika shi. Wajen kwana na 12 ake fara ganin antibodi irin IgM a fatarsu.

Babban aikin shi ne sa ƙwayoyin su bambanta da juna, domin cututtuka ba iri ɗaya ba ne. Mutum na da guntayen rubutun gado masu yawa da yake harhaɗawa. Kaza kuwa guntu ɗaya ne mai aiki gare ta ga kowace ɗaya daga sarƙoƙi biyu, babba da ƙarama, da ke haɗa antibodi, shi ya sa ƙwayoyin ke shiga jakar kusan duk kamarsu ɗaya. Sai dai kusa da guntun ƙaramar sarƙa akwai wasu kimanin 25 da ba sa aiki da kansu. Yayin da ƙwayar ke rabuwa, wani sinadari mai suna AID yana sa a kwafo ɗan yanki daga waɗannan a liƙa a kan mai aikin, kamar tela yana yi wa riga ɗaya faci da ƙyallaye daban-daban, har a wayi gari babu riguna biyu iri ɗaya. Claude-Agnès Reynaud da Jean-Claude Weill da abokan aikinsu ne suka bayyana haka a 1987. Ba kowane faci ke kyau ba. Mafi yawan ƙwayoyin, kusan 95 cikin 100, a jakar suke mutuwa. Ragowar ne ke fara fita wajen kwana na 18 zuwa saifa da sauran jiki.

Ka lura da kyau, ranar ƙyanƙyasa aikin bai ƙare ba. Jakar na da 'yar hanya da ta buɗe cikin dubura, tana tsotsar abin da ke fitowa daga hanji, wannan kuma yana ƙara zaburar da ƙwayoyin. Tana ci gaba da girma har wajen mako 8 zuwa 10, sannan ta fara motsewa idan kaza ta doshi balaga.

TAMBAYA: Idan garkuwar tsako ba ta nuna ba ranar da ya fito, me ke kare shi? Kuma me ya sa na yi rigakafin Gumboro amma cutar ta shigo? Daga wata mai kiwo a Kano.

AMSA: Hajiya, garkuwar uwa ce ke riƙe shi. Kaza na zuba antibodi irin IgY a gwaiduwa, tsako kuma yana janye shi cikin jininsa, galibi a kwanakin ƙarshe na kwanci. Wannan aro ne, yana raguwa da rabi duk bayan kwana 3 zuwa 4 a kajin nama, ya ɗan fi jimawa a kajin ƙwai. Zuwa mako na 3 saura kaɗan.

Anan matsalar take. Rigakafin Gumboro da ake sawa a ruwa bairos ne mai rai da aka raunana. In kin ba da shi garkuwar uwa na da ƙarfi, za ta kashe shi kafin ya isa jakar, kin yi asarar kuɗi kuma kina zaton kin kare kajinki. In kin makara, bairos ɗin da ke cikin ɗaki ya riga ki, domin yana iya yin watanni a ɗakin da aka kwashe kaji. Tsaki kuma ba sa fitowa da garkuwar uwa daidai wa daida, shi ya sa ake yin rigakafin sau biyu, galibi a mako na 2 da na 3. Ki tambayi inda kika sayo tsakin wane rigakafi aka yi wa iyayen da su tsakin, ki kai wa likita bayanin ya sa miki rana. Jadawalin maƙwabci ba naki ba ne.

Cutar ta samo suna daga garin Gumboro a jihar Delawe ta Amurka, inda aka bayyana ta a 1962, kuma ƙwayoyin B masu rabuwa a cikin jakar take ci. Tsakanin mako 3 da 6 ake ganinta a fili: farin zawo mai ruwa, gashi a tashe, tsaki na caccakar duburarsu, mutuwa ta hau cikin 'yan kwanaki ta sauka. Wadda ta fi damunmu ita ce ta ƙasa da mako 3, wadda ba ta nuna alama. Jakar ta lalace kafin ta gama yaye ƙwayoyinta, sai daga baya ki ga rigakafin cutar Niyukasil bai kama ba, ciwon numfashi da zawo sun ƙi ƙarewa. Abinci mai fumfuna ma, musamman ƙuli-ƙuli ko masara mai gubar aflatoksin, yana ƙanƙantar da jakar.

Ranar rigakafi, ki ɗauko maganin cikin ƙanƙara, ko na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ne ko na waje. Ki janye ruwa awa 1 zuwa 2 da sassafe. Ki yi amfani da ruwan da babu kulorin, a mazubin roba da aka ɗauraye babu sabulu, ki dama giram 2 na garin madara marar maiƙo a kowace lita, ki jira minti 15 kafin ki buɗe kwalbar a cikin ruwan. Ki ƙara yawan mazubai yadda raunanan tsaki ma za su samu wuri, su shanye cikin awa 2.