Hukuncin rubuta "labarin gaskiya ne" a fim ɗin da aka san ƙirƙira ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni matashi ne mai shirya ƙananan fina-finai da kuɗin aljihuna. Wata baiwar Allah ta daɗe tana rubutu a Facebook cewa kawunta ya riƙa lalata da ita tun tana 'yar shekara tara. Na biya ta na sayi labarin, jama'a kuma suka turo gudunmawa don a yi fim. Muna cikin ɗauka sai ta faɗa mini cewa ba da ita abin ya faru ba, labaran wasu ta tsinta ta haɗa. Abokan aikina sun ce mu bar rubutun "labarin gaskiya ne" a farkon fim, tunda irin wannan yana faruwa kullum kuma wayar da kai muke nufi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ƙagaggen labari da kowa ya san ƙage ne ba ƙarya ba ne. Malamanmu sun karanta Maƙamatul Hariri, littafin ƙagaggun labarai na Larabci, a zaure shekara da shekaru, ba wanda ya ce sun yi laifi. Matsalarka tana cikin kalmar da ka faɗa da bakinka: "sai ta faɗa mini". Kafin ranar nan kai wanda aka yaudara ne, babu komai a kanka. Daga ranar, in ka bar rubutun nan, kai ne mai yaudarar, domin shaida ce kake ba mai kallo a kan abin da ka san ba haka yake ba. Haramun ne, ka cire shi.

Hujjar abokanka tsohuwa ce. Karramiyya, wata tsohuwar ƙungiyar aƙida, sun halatta ƙirƙirar hadisi don kwaɗaitarwa da tsoratarwa, har wasu masu ƙirƙirar suka ce su ba a kan Annabi suke ƙarya ba, dominsa suke yi. An ruwaito cewa wani mai ruwayar hadisi, Nuhu ɗan Abi Maryam, ya ƙaga falalar surori ɗaya bayan ɗaya, da aka tambaye shi ya ce ya ga mutane sun bar Alƙur'ani sun koma fiƙihu da tarihin yaƙoƙi. Niyyarsa ta fi taku girma, amma malamai sun haɗu a kan watsi da aikinsa. Wurare uku da hadisin Ummu Kulsum ya yi rangwamen ƙarya a cikinsu su ne yaƙi, sulhu tsakanin mutane, da zancen miji da mata. Tallar fim ba ta ciki, kuma ba larura ta kai ku ba, tunda kuna da hanyar gaskiya da za ta kai ga manufa ɗaya. Sannan "irin wannan yana faruwa" magana ce daban da "wannan ya faru da wance". Ta farko gaskiya ce. Ta biyu ita mutane suka yi wa kuka, ita suka ba kuɗi.

Ko ta fuskar maslaha da abokanka suke ji da ita, lissafinsu bai fita ba. Ƙaryar nan takan fallasa, kuma yaran da kuke son karewa su ke biyan bashin. A Amurka an yi wani marubuci wai shi JT LeRoy, saurayin da aka ce ya taso cikin cin zarafi a hannun uwarsa da mazan da take bi. Littafinsa Sarah ya fito a 2000, 'yar fim Asia Argento ta mayar da wani littafin nasa fim a 2004. A tsakanin 2005 da 2006 'yan jarida suka gano babu wani saurayi: wata mata ce, Laura Albert, mai kimanin shekara arba'in take rubutun, 'yar'uwar abokin zamanta kuma take sa gashin kanti da baƙin tabarau tana fita a matsayinsa. Kamfanin fim da ya sayi haƙƙin Sarah ya kai Laura Albert kotu a New York, a 2007 aka yanke ta biya dala 116,500. Ka lura da dalilin: ba don ta ƙaga labari ba, sai don ta sa hannu a yarjejeniya da sunan mutumin da babu shi. Bayan irin wannan, yarinyar da ta zo da gaskiyarta sai a ce mata ke ma labari kike shiryawa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi tayar mini da hankali. Matar nan tana da kawu na gaske? In tana da shi, kuma masu karatu za su iya gane shi, to an jefi mutum da zina, haddin ƙazafi kuwa bulala tamanin ne. A mazhabar Maliku ko habaici aka yi, matuƙar an fahimci wanda ake nufi, akwai haddi, kamar yadda yake a Risala. Canza suna kaɗai bai isa ba. Ka canza dangantakar, garin, sana'ar mutumin da shekarun yarinyar. Haka za ka yi wa waɗanda ta tsinci labaransu, domin sirrinsu ne aka kwasa ba da izini ba. Ita kuma wajibi ne ta wanke kawun a shafin da ta ɓata shi.

Kuɗin gudunmawa an ba da shi ne a kan wata sifa, sifar kuma ta tashi. Ka sanar a daidai wurin da ka yi roƙon, ka ɗebi wa'adi bayyananne, ko da wata guda ne, wanda ya nemi nasa ka mayar masa, wanda ya ce a ci gaba ya halatta maka. Mayarwar ta haɗa har da abin da ka riga ka kashe bayan ka sani. Kuɗin da ka ba matar kuwa ciniki ne da aka ɓoye aibi a cikinsa: kana da zaɓi, ka riƙe labarin a yadda yake ko ka mayar ka karɓi kuɗinka. In kun sabunta yarjejeniya, a rubuta ƙarara cewa ƙagagge ne, da shaidu biyu. A farkon fim ka sa: "Wannan ƙagaggen labari ne, an gina shi a kan abin da ke faruwa da yara a cikin al'umma."

Kada ka tozarta matar. Ita ta kawo kanta, kuma mai irin wannan rubutu wani lokaci ciwonsa yake ɓoyewa a bayan sunan wani. Ita ma Laura Albert ta shaida wa kotu cewa an ci zarafinta tana yarinya. Ka haɗa ta da wata mace mai hankali da amana ta saurare ta.

Game da ɗaukar fim ɗin kuwa, bai halatta a sa yaro ya kwaikwayi lalata ba, ko da iyayensa sun yarda, domin yardarsu ba ta halatta cutar da shi. Ka ɗauki yarinyar da za ta fito a fim ɗin ita kaɗai a rana daban, mahaifiyarta na zaune a wurin, kada a ba ta shafukan da aka bayyana abin a ciki. Nuna ƙofa a rufe, sannan fuskar uwa washegari, ya isar. Wallahu a'alam.