Amsa ga ɗan ƙanena kan sauya tagogin gida

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, na karanta saƙonka inda ka ce kana son sauya tagogin gidanka da hannunka, kuma kana tambaya ko abin da masu sana'ar suka saba yi, wato auna gurbin taga sau da yawa da barin tazara tsakanin firam da bango, wajibi ne ko kuwa al'ada ce kawai da suka gada daga iyayen gidansu. Aikin bai fi ƙarfinka ba, amma ina roƙonka kada ka yar da waɗannan al'adu biyu, domin kowace tana da dalilinta.

Gurbin taga ba ya cika zama daidai, ko da magini ya ƙware, saboda shafe yana yin kauri a wani wuri ya yi sirara a wani. Shi ya sa ake auna faɗi a sama da tsakiya da ƙasa, a auna tsayi a hagu da tsakiya da dama, sannan a ɗauki mafi ƙanƙanta a kowanne. Bayan haka sai ka ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya bambanta sosai, gurbin ya karkace. Daga mafi ƙanƙantar awon ake rage kimanin milimita 10, domin a samu milimita 5 a kowane gefe.

Wannan tazara ce matasa suka fi raina wa, suna ganin firam da ya shiga dam shi ne aiki mai kyau. Ƙarfe da roba suna miƙewa idan sun sha zafi, su koma idan sanyi ya zo. Alminiyam mai tsawon mita 2 yakan ƙaru da kusan milimita 2 idan zafi ya ƙaru da digiri 40, roba irin ta uPVC kuwa takan ninka wannan fiye da sau biyu. Idan firam bai samu wurin miƙewa ba, sai ya lanƙwashe, marfin ya riƙa cijewa, wani lokaci ma gilashin ya tsage. Tazarar kuma ita ce ke ba ka damar cusa 'yan guntayen katako ko roba har sai lebur, wato ma'aunin daidaito na magina, ya nuna firam ɗin ya tsaya sak, kafin ka ɗaure shi da sukurori, kana farawa kimanin santimita 15 daga kowace kusurwa. Idan za ka cike ratar da kumfar toshe rata da ake fesawa daga gwangwani, ka nemi wadda ba ta kumbura sosai, domin mai ƙarfi tana iya tura firam ɗin ciki. Ta waje ka shafa silikon, wato gam mai hana ruwa shiga, amma ka bar 'yan ramukan da ke ƙasan firam a buɗe, don ta nan ruwan da ya shiga yake fita.

Kada ka cire tsohuwar taga sai sabuwa ta iso kuma ka sake auna ta. Ka nemi mataimaki, domin gilashi mai kaurin milimita 4 yana da nauyin kilo 10 a kowace murabba'in mita, mai ninki biyu kuwa kilo 20, kuma ka sa safar hannu da tabarau.

Abu ɗaya ne ba zan yarda ka taɓa da kanka ba, shi ne lintal, wato sandar kankare ko ƙarfe da ke saman gurbin, wadda take ɗauke da nauyin bangon da ke samanta. Idan ka ga ta tsage, ko kana son faɗaɗa gurbin, ka ajiye guduma ka kira magini ya duba kafin a fasa ko bulo ɗaya.

Baffanka.