Zauren Kawu: Wanda ya iya iyo a Binuwai ya isa hawa mataki na biyar?

Wasiƙu uku suka taru mini wannan watan a kan abu ɗaya, wato wasan nan na hawa kwalekwalen roba mai hurawa a bi kogi mai gangara da duwatsu. Da alama hotunansa sun cika wayoyin yaranmu. Na haɗa su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Garwa ne, ina karatu a Jami'ar Musulunci da ke Mbale a Yuganda. Abokaina sun shirya mu je Jinja bayan jarrabawa mu hau kwalekwalen roba a kogin Nilu. An ce akwai tafiya ta mataki na uku, akwai ta na biyar. Tun ina ɗan shekara bakwai nake iyo a Binuwai, da rani har ƙetarewa nake yi. Ina ganin na biyar ne daidai da ni. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Wannan magana taka ni ma na taɓa faɗinta, a Jinjar ma kuwa, lokacin da wani taro ya kai ni Kampala muka ɗauki kwana ɗaya muka yi tafiyar kilomita 80 ɗin nan zuwa inda Nilu ke fitowa daga tafkin Biktoriya. Da jagoran ya tambayi wa ya iya iyo, ni na fara ɗaga hannu, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye ni ba. Ya yi murmushi, ya kama kafaɗun rigar ceton da ke jikina ya fizga sama, ta zo mini har kunne. Ya sake ɗaure ta tamau har numfashi ya yi mini wuya, sannan ya ce yanzu ta yi.

A gangara ta uku na faɗa. Abin da ba wanda zai gaya maka sai ka shiga shi ne, farin ruwan nan da ka gani a hoto rabinsa iska ce. Kumfa ce, ba ta ɗaukar mutum. Ka kai hannu ka yi iyo irin na Binuwai, hannun ya wuce kamar ka daki hayaƙi. Ban san sama ba, ban san ƙasa ba, sai kore da fari da ƙara a kunne. Rigar nan da na raina ita ta cillo ni sama. Ina fitowa na fara laluben ƙasa da ƙafa, halin wanda ya saba da yashi, sai ga wani yaro a ƙaramin kwalekwalen mutum ɗaya yana daka mini tsawa in ɗaga ƙafafu. Na kama hancin jirginsa ya ja ni gefe. Takalmina ɗaya har yau yana Yuganda, ko kuma ya isa Masar.

Tsawar nan tana da dalili. Mutum ya miƙe tsaye a ruwa mai gudu, ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya danna shi ta baya ya kifar da fuskarsa, shi ke nan, ko da ruwan bai wuce ƙugu ba. Shi ya sa ake koya wa kowa kafin a tashi: ka faɗa, kwanta rigingine, ƙafafu a gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama, ka jira igiya ko mai ceto.

Matakan da aka faɗa muku ba ƙirƙirar mutanen Jinja ba ce. Ma'auni ne da ƙungiyar American Whitewater ta Amurka ta tsara, duniya ta ɗauka, daga ɗaya zuwa shida. Na ɗaya da na biyu ruwa ne mai ɗan motsi, hanya a buɗe, yaro ma ya shiga. Na uku igiyar ruwa ta fara girma, dole kowa ya sa filafili daidai lokacin da jagora ya ce, amma wanda ya faɗa ana tsamo shi ba wahala. Daga na huɗu wasa ya soma zama aiki. Na biyar kuwa gangara ce doguwa mai ƙarfi wadda kuskure a cikinta ke da tsada, ceto kuma ke da wuya ko ga gwanaye. Na shida ba a kai baƙi. A Jinja, in kun iso Itanda za ka ga an sauke ku an ɗauki kwalekwalen a ka an zagaye ta tudu. Kada ka ji kunyar wannan tafiyar ƙafa, masu sana'ar ma yinta suke yi.

To amma lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai duka. Nilu a Jinja ruwa ne mai yawa, mai zurfi, mai ɗumi. Ka faɗa, ka sha ruwa, ka fito. Kogin tsauni wani abu ne daban. Je ka Sagana a Kenya, inda kogin Tana ke gangarowa daga Dutsen Kenya da tsaunukan Abadeya, ko kogin Ahansal a tsaunukan Atlas na Maroko wanda narkewar dusar ƙanƙara ke cikawa wajen Maris zuwa Mayu, ko Bote Koshi a Nefal. Ruwansu ƙunci gare shi, duwatsu a ko'ina, wasu kuma sanyinsu ke fara ƙwace wa mutum numfashi kafin komai. Mataki na huɗu a irin waɗannan zai iya fasa maka gwiwa fiye da na biyar a Nilu. Kuma kogi ɗaya yana sauya mataki da yawan ruwa. A kogin Zambezi, ƙarƙashin magangarar Biktoriya, inda aka fara bin kwazazzabon Batoka da kwalekwalen roba a 1981, lokacin ƙarancin ruwa wajen Agusta zuwa Disamba shi ne lokacin da gangarorin suka fi fitowa. Jinjar ma ba yadda take da ba ce, madatsar Bujagali a 2012 da ta Isimba a 2019 sun shanye wasu gangarori.

Abin da na gani shi ne ka fara da na uku. Kamfanonin can suna ɗaukar sababbi a na biyar, ban musa ba, amma kai matsalarka ka yarda da hannunka, kuma a kwalekwale mai mutum shida ko takwas wanda ya yarda da kansa shi ne ba ya jin kiran jagora. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya ko akwai masu ceto a ƙananan jirage da ke rakiya, ka duba rigar ceto da hular kwano da idonka. In aka ce ku shiga ruwa ba tare da an zaunar da ku an koya muku faɗuwa da riƙon filafili ba, karɓi kuɗinka. Riƙon nan ma kada ka raina shi: tafin hannu a kan ƙotar kullum, don haƙoran da ke karyewa a wannan wasa sau da yawa filafilin maƙwabci ne ya karya su. Kuma ka gaya wa mahaifiyarka kafin ka je, ba bayan ta ga hoto ba.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa daga Kuseri. Maigida zai kai mu Turkiyya hutu, yara sun nace sai an kai su wannan wasa kusa da Antaliya. Ni ban iya iyo ba, ƙaramarsu shekararta tara. Kuma da wace shiga mace za ta yi?

Amsa: Hajiya, ina amsawa. Inda za a kai ku kwazazzabon Koprulu ne, kogin da ke fitowa daga tsaunukan Toros, tafiyar kimanin kilomita 14 ce a ruwa, mafi yawanta mataki na biyu. Iyalai aka fi kaiwa can. Rashin iya iyo ba ya hana irin wannan matakin, amma ki faɗa wa jagoran tun a tudu don ya zaunar da ke kusa da shi, kuma ki tambayi ƙa'idarsu ta shekarun yara. Rigar ceton yarinyar ta zama ta yara, kada ki yarda a ɗaure mata ta manya a ce ai ta yi. Ruwan na maɓuɓɓuga ne, da sanyi ƙwarai ko da tsakar zafi, ga wadda ta saba da Lagon da Shari abin zai ba ki mamaki.

Batun shiga kuwa, ba sai kin zubar da mutunci ba. Dogon wando da riga mai dogon hannu waɗanda ba auduga ba, ƙaramin hijabi mai kama kai a cusa gefensa cikin riga, hular kwano a sama. Zane, lafaya da babban mayafi ki bar su a mota, suna shan ruwa su yi nauyi, suna kuma sarƙewa. Shi ma Alhaji ya ajiye babbar riga.

Tambaya: Kawu, mu a nan Ngaundare ga kogin Vina, a Gidar ga Mayo Luti. Me zai hana mu hura tif ɗin babbar mota mu gwada da damina?

Amsa: Ni zan hana, in ina kusa. Ka taɓa shiga kwazazzabon Kola da rani? Ka dubi yadda Mayo Luti ya rarake baƙin dutsen nan ya yi masa santsi har sama da kanka, sannan ka tambayi kanka me zai yi wa haƙarƙari. Mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, ba kogin da aka auna ba ne. A Marwa yara na buga ƙwallo a yashin Mayo Kaliyawo da safe, a yi ruwa can kan tsaunukan Mandara inda ba su gani ba, kafin la'asar jan ruwa ya taho da itatuwa da gawar awaki. Itacen da ya gitta a ruwa yana barin ruwa ya wuce ta ƙarƙashinsa, mutum kuwa ya riƙe shi a nan. Vina tana da magangara kusa da garinku. Binuwai ƙasa da Lagdo tana hawa duk lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar, ga dorina, ga tsargiya a inda ruwa ya kwanta. Masu wannan sana'a sai sun bi kogi gaɓa-gaɓa sun san kowane dutse da inda za a tsaya da igiya kafin su ɗauki mutum ɗaya. In sha'awar ruwa ce ta kama ka, je ka Lagdo da rani ka roƙi wani masunci ya koya maka riƙon filafili, ka tafi da rigar ceto ko da za su yi maka dariya.