Iri, jinsi da moriyar daji: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duk sun karkata ga harshen masana muhalli ne, don haka na haɗa su wuri guda.

Wata ɗaliba ta ce: Malam, a darasin kimiyyar muhalli wani malaminmu yana cewa “bambancin halittu”, wani kuma “yawan jinsunan halittu”. Wanne ne daidai?

'Yata, kowannensu ya kama ƙafa ɗaya ya saki ɗaya. Abin da ake nufi ya haɗa yawa da bambanci, shi ya sa na fi son “yalwar ire-iren halittu”. Amma kin taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, wato kalmar jinsi. Yanzu komai jinsi ne a bakin masu fassarar gaggawa: mace da namiji jinsi, akuya da tunkiya jinsi, har launin fata ma jinsi. Jinsi da nau'i duk aro ne daga Larabci, kuma malaman manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, sun daɗe da raba su: jinsi shi ne babban rukuni, nau'i kuma yana ƙarƙashinsa. Zaki da damisa jinsinsu ɗaya, nau'insu daban. Wanda ya ce an yi asarar jinsi guda alhali nau'i yake nufi, ya ƙara wa maganar gishiri bai sani ba.

Sai kuma tamu ta gado, iri. Dubi yadda take da kai biyu: iri shi ne abin da ake shukawa, iri kuma shi ne kamanni da asali. Wannan ba a banza ba ne. Manomin da ya ware zangarniya mai kyau ya ajiye ya ce “wannan iri ne”, maganar gadon halitta yake yi, ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu a birnin Riyo na Brazil a 1992 ta lissafa matakai uku na wannan yalwa: bambanci a cikin nau'i guda, bambanci tsakanin nau'o'i, da bambancin mazaunan da suke rayuwa a ciki. Na farkon nan shi ne iri, kuma shi aka fi rainawa. A ƙasar Ayilan, talakawa sun dogara kusan kacokan ga iri ɗaya na dankalin Turawa. Da cuta ta faɗo masa a 1845 sai ta bi gonaki ɗaya bayan ɗaya ba abin da ya tare ta, yunwar da ta biyo baya ta ci ran mutum kusan miliyan guda. Nau'in dankali bai ƙare a duniya ba. Iri ne ya yi kaɗan.

Muhalli ko mahalli?

Duk ana faɗa. Tushen Larabcin ya fi kusa da mahalli, amma muhalli ta riga ta zauna da gindinta, ba zan tada ta ba.

Wani malamin sakandare ya tambaya: na ga an rubuta “hidimomin muhalli”. Kunnena bai karɓa ba, amma ban san dalili ba.

Kunnenka ya fi alƙalamin mai rubutun gaskiya, Malam. Hidima aiki ne da mai hankali yake yi wa wani da niyya. Ƙudan zuma ba hadiminka ba ne. Abincinsa yake nema a cikin fure, garin furen ya manne masa a gashin ƙafafu da ciki, ya kai shi wani furen, kai kuma ka sami 'ya'yan itace. Kalmar da ta dace da amfanin da mutane ke samu daga muhalli ita ce moriya. Babban nazarin nan da aka fitar a 2005 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya ya kasa ta gida huɗu: abin da ake ɗiba kai tsaye kamar ruwa da itace da magani, abin da ke daidaita al'amura kamar barbarar furanni da tare ambaliya, abin da ke sanyaya rai da raya al'ada, da ginshiƙan sauran, irin su samuwar ƙasar noma. Wajen kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona a duniya suna cin gajiyar ƙwari da tsuntsaye da jemagu wajen barbara. Wani abin da ya sa nake son moriya shi ne ta zo da gargaɗinta a baki, don ba mai furta ta bai tuna da wanda ya ci moriyar ganga ya yar da kwaurenta ba.

Me ake nufi da “ungulu ba ki jewar banza”?

Jewa ita ce shawagin da tsuntsu ke yi yana kewaya wuri guda, kuma ma'anar karin maganar ai ba sai na faɗa ba. Na ji wani yana cewa “jirar banza”, ya rushe hoton gaba ɗaya. Abin da nake so a lura da shi shi ne, masu maganar sun sa ido sosai: inda ungulu ke jewa akwai mushe. Cikinta yana da ruwan narkarwa mai tsananin ƙarfi da ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke jikin mushen. A Indiya, daga shekarun 1990, wasu nau'o'in ungulu sun ragu da fiye da kashi 95 cikin 100, saboda maganin diklofenak da ake yi wa shanu yana lalata ƙodar ungulun da ta ci gawarsu. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da iyayen gida suka ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin jewar ba, ta yaya zan koya masa karin maganar?

“Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko” daidai take da “cuɗe-ni-in-cuɗe-ka”?

Ina! A ta farko ɗaya ne ya amfana, kazar ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba, kamar balbelar da ke bin shanu tana tsintar ƙwarin da kofatonsu ya tayar. Ta biyun ita ce zaman ƙudan zuma da fure. Kaska a jikin saniya kuwa ba ta shiga ko ɗaya daga ciki ba.