Amsa ga mai tambaya kan cire "master" da "slave" daga manhaja

Ɗan'uwa, ka ce ka kawo shawarar a cire kalmomin "master" da "slave" (ubangida da bawa, sunayen da ake ba sashen da ke jagoranci da wanda ke bin sa) daga manhajar da kuke ginawa, abokan aikinka suka ce ɓata lokaci ne, kana tambaya ko ka haƙura. Kada ka haƙura, domin abin da ya same ka shi ya same ni.

Na ta da maganar a wurin aikinmu bayan GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu, ya mayar da "main" sunan babban reshe (ainihin kwafin aikin) na sababbin ma'ajiyoyi a maimakon "master" a watan Oktoban 2020. Shugaban sashenmu bai ma bari na kai aya ba. A gaban kowa ya tambaye ni ko rumbun bayanai ne ya kawo mini ƙara, sannan ya ce rigimar Amurkawa na kwaso tun bayan kisan George Floyd. Aka yi ta dariya, ita kuwa abokiyar aikinmu da ta gaya mini a keɓe cewa kalmar "slave" tana sosa mata rai ta sunkuyar da kai tana juya biro a hannunta, ba ta ce uffan ba. Har yau idan na tuna fuskarta raina yakan ɓaci. Kuma maganarsa ba gaskiya ba ce, tunda Django da Drupal, manhajojin gina shafukan intanet, sun sauya tun 2014, Python, harshen rubuta manhaja, ta biyo baya a 2018, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri manhajar Linux, ma ya amince da sabuwar ƙa'idar kauce wa kalmomin a Linux a watan Yulin 2020.

Duk da haka, masu ƙorafin wahala suna da hujja. Tsohon sunan yana nan cikin fayilolin da ke gwada manhaja da masu ɗora ta kan saba (kwamfutar da ke gudanar da ita), idan ka manta da ɗaya aikin zai tsaya, laifin kuma kanka zai dawo. Ka binciko su duka kafin ka sake buɗe baki. Ina roƙonka kada ka taɓa ambaton sunan wanda abin ya dama. Ka kuma fara da rumbun bayanai, inda "primary" da "replica" (na asali da kwafinsa) suka fi bayyana aikin kowanne, ka bar batun reshe sai daga baya, saboda a can za su ce maka ai babu "slave" a Git, manhajar da ke kula da rassan.

Shi shugaban namu, da wani abokin ciniki ya nemi sauyin daga baya, a rana ɗaya ya sa aka yi, kuma bai taɓa ce wa ɗayanmu yi haƙuri ba.