Zauren Gwaggo: Me ya hana gashin ragon layya kamawa?

Wasiƙu huɗu na wannan wata duk a kan abu guda suka zo, wato cuɗaɗɗen ulu, ƙyallen nan da ba a kaɗa zarensa ba, ba a kuma saƙa shi ba, cuɗa gashin ake yi da ruwa da sabulu har ya kama jikinsa. Shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambaya kan ɗinkin hula su dakace ni sai fitowa ta gaba.

Tambaya: Gwaggo, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, a Zangon Damagaram nake da zama. Na ga bidiyo a waya, wata Baturiya ta shimfiɗa gashin tunkiya, ta yayyafa ruwan sabulu, ta yi ta murzawa, sai ga ƙyalle har da furanni a jikinsa. Da layya na roƙi babana aka aske mini gashin ragonmu, ɗan Uda ne. Na wanke, na yi yadda ta yi tun hantsi har la'asar, ko kamawa bai yi ba. Gashi ya cika tsakar gida, innata sai faɗa take yi. A ina na kuskure?

Amsa: Ɗiyata, hannunki lafiya lau yake, ragon ne bai dace ba. Tumakinmu na nan, Uda da Balami da Bali-bali da Ara-ara, duk masu gashi ne, ba masu ulu ba. Gashinsu gajere ne, mai kauri, mai tauri, a miƙe. Allah Ya yi musu shi don zafin rana, kuma da kansa yake zuba. Tunkiyar da kika gani a bidiyo kuwa ulu gare ta, siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda wani ma bai kai rabin kaurin gashin kanki ba. Kowane silin ulu yana da ƴan ɓawo-ɓawo a jikinsa kamar na kifi, duk sun kwanta sun fuskanci gefe ɗaya. In ruwan ɗumi da sabulu suka taɓa shi sai ɓawon ya ɗaga, in aka murza sai silin ya yi gaba ya kasa dawowa, ya sarƙe da na kusa da shi. Haka dubbansu za su yi ta shiga juna har su zama abu ɗaya da ba ya warwaruwa. Gashin ɗan Uda shi ma yana da ɓawon, amma taurinsa ba ya barinsa ya lanƙwasa ya nannaɗe ɗan'uwansa. Ko kwana kika yi kina murza, tsakar gidan innarki kawai za ki ƙara ɓatawa.

Ba wai Nijar ba ta da tumaki masu ulu ba. Akwai Kundum a bakin kogi can ƙasar Tilaberi, sai dai sun yi ƙaranci ƙwarai. Akwai kuma baƙaƙen tumakin Tubawa masu dogon gashi a gabas da arewacinmu. Nasu gauraye ne, da mai laushi da mai kaushi, ba zai ba ki furen Baturiya ba, amma yana iya ba ki shimfiɗa mai kauri. Abin da ya fi kusa da ke shi ne raƙumi. A ƙarƙashin dogon gashin tozo da kafaɗa akwai wani mai laushi, musamman na ƴan taguwoyi, wanda yake saki idan sanyi ya wuce zafi ya kunno kai. Ki sa yayanki ya yi magana da masu raƙuma ranar Alhamis a kasuwar dabbobi. Da ɗan gari akan ci gari. Sharaɗi ɗaya: daga jikin dabba mai rai da lafiya. Kada ki karɓi gashin mushe ko da kyauta ne, don ƙwayar cutar saifa tana daɗewa shekaru a gashi da fata, kuma tana kama mutum.

Kowane gashi kika samu, kada ki ɓata ruwa a kansa sai kin gwada, kin san dai ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne. Ki tsakuro kamar girman goro, ki jiƙa da ruwan ɗumi, ki shafa sabulu a tafin hannu, ki mulmula a hankali na ɗan lokaci. In ya dunƙule ya yi tauri, kin samu. In ya yi ta zamewa yana manne miki a yatsu, ki bar shi.

In ya kama, ga yadda ake yi. Ki tsince ƙarangiya da kashin awaki, wannan ne ma ya fi cin rai. Ki jiƙa shi cikin ruwan sabulu ba tare da cuɗawa ba, don in kika cuɗa a nan ya kama tun ba ki shirya ba. Ya bushe a inuwa. Sai shiɓa. In akwai tsohuwa a gidanku da ta taɓa kaɗi, ki tambaye ta bakan shiɓarta, masu wannan sana'a a Turkiyya ma da baka suke buɗe ulunsu. Ki shimfiɗa asabari a ƙasa, ki jera ulun sama-sama duk ya kalli gabas, ki sake jera wani a kansa ya kalli kudu, na uku ya koma gabas. Wannan giciyen ne ƙarfin ƙyallen, wanda aka jera gefe guda yagewa yake yi. Ki rufe da guntun tsohon sange, ki yayyafa ruwan sabulu mai ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, ki danna har iska ta fita. Farkon shafawa kamar ba kya so, da tafin hannu kawai. A nan yara suke gaggawa su yi rami a tsakiya. Sai kin tsunkuli saman da yatsu biyu kin ga duka ya taso tare, ba sili-sili ba, sannan ki cire sangen, ki naɗe asabarin da muciya a ciki, ki ɗaure, ki yi ta mirginawa da damtse. Ki kwance, ki juya shi, ki sake naɗewa ta ɗaya gefen, don ta inda ake mirginawa ta nan yake tsukewa. Zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda haka in santimita 30 kike so, ki shimfiɗa 45. A ƙarshe ki ɗauraye sabulun tas, ki matse a cikin tsumma, ki shanya a kwance.

Innarki kuwa ki share mata tsakar gida, ki ba ta haƙuri.

Tambaya: Malama, ni baduku ne a Birni, na gaji sana'ar. Ina da jar darar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, na duba ciki da waje ban ga zare ba. Ita ma cuɗa ta aka yi? Kuma in haka ne, me zai hana mu yi a nan mu haɗa da aikin fata?

Amsa: Amin, Baba, Allah Ya kai haske kabarinsa. In darar ta Tunis ce, kamar yawancin tsofaffin da ke gidajen Birni, to akwai zare a ciki, ɓoyewa ya yi. Mata ne suke fara saƙa ta da allura, ƙatuwa sakwa-sakwa, wadda in ka gani ba za ka ce hula ba ce. Sai a kai ta El Batan a bakin kogin Majarda, a yi ta bugunta cikin ruwan zafi da sabulu har ta tsuke, idon saƙar ya rufe ruf. Daga nan a taje ta da busasshen kan wata ƙaya don gashin ya tashi, a sausaye, a rina ta ja, a daidaita ta har ta ɗauki siffa. Musulmin Andalus da aka koro daga Sifen a farkon ƙarni na 17 su ne suka ɗaukaka sana'ar a Tunis, kuma har yau masu yin ta suna da kasuwarsu kusa da masallacin Zaituna. Hanyar da ta biyo zuwa kan mahaifinka tsohuwa ce. Ayarin Tarabulus da ke ratsowa ta Gat da Agadas suna sauka a Zango tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, suna kawo dara da mulufi da takarda, su koma da fata da gashin jimina.

Yin dara a nan, gaskiya ban ba ka shawara ba. Ulunta mai laushi ne sosai, su kansu mutanen Tunis daga waje suke sayo shi, kuma ba za ka kayar da su a farashi ba. Inda nake ganin kana da rabo shi ne ƙarƙashin sirdi. Cuɗaɗɗen ulu mai kaurin yatsa yana shan zufar doki, ba ya tattarewa wuri ɗaya ya ji wa baya ciwo, in ka yanka shi da wuƙa bakin ba ya zarewa, kuma kaushin gashin raƙumi ko na tumakin Tubawa ba aibi ba ne a wannan aiki. Ka yi masa baki da jar fata, ka nuna wa masu hawan salla. Haka cikin gafaka da kube da jakar waya. Ka fara da guda ɗaya a kan dokin wanda ka sani, ka ji abin da zai ce bayan hawa.

Tambaya: Gwaggo, ulun saƙa da ake sayarwa a Kasuwar Dole fa, in na warware shi zai yi? Daga wata mai saƙar kayan jarirai, Mirriya.

Amsa: Ƙanwata, ki ƙyasta ashana ki ƙona bakin zaren. In ya yi warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin abu da ke murmushewa a yatsa, ulu ne na gaske. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ce, kuma yawancin na kasuwa haka suke. Roba ba ta cuɗuwa da ruwa, haka auduga da rimi, don ba su da ɓawon nan. Akwai wata allura mai ƙayoyi a jiki da ake caccaka zare da ita a bushe har ya sarƙe, ita tana kama roba, amma ba allurar tela ba ce, kuma ki kiyayi yatsunki.

Tambaya: Gwaggo, ni malamar makaranta ce, an kawo mini farin ulu kilo biyu daga waje, na koyi cuɗawa, yana kamawa. Damuwata launi da zane. Duk hotunan da nake gani na dusar ƙanƙara ne da jajayen lemar kwaɗi da wasu furanni da ban san su ba. In na kwaikwaya sai ya fito kamar ba nawa ba.

Amsa: Ai ba naki ba ne, Malama. Wadda ta yi lemar kwaɗin nan a bayan gidansu ta gan ta. Tun asali masu wannan aiki abin da ke gabansu suke sawa. A kaburburan Fazirik, cikin duwatsun Altai na ƙasar Rasha, waɗanda Sergei Rudenko ya tona a ƙarshen shekarun 1940, an sami cuɗaɗɗen ulu da ƙanƙara ta adana fiye da shekara 2,000, da dawaki da barewa da tsuntsayen ruwa a jiki, abin da makiyayan wurin suke gani kullum. Yana gidan tarihi na Hermitage yanzu. Matan Kirgizistan, waɗanda hukumar UNESCO ta sa shimfiɗunsu na shirdak da ala-kiyiz cikin jerin al'adun da ke bukatar ceto a 2012, babban zanensu ƙahon rago ne. To wa ya fi mu ƙahon rago? Ki tsaya gaban ɗan Uda ki dubi yadda ƙahonsa ya murɗe ya fita gefe, da yadda baƙi ya yanke fari a tsakiyar jikinsa kamar da gangan. Wannan kaɗai ya isa shimfiɗa guda.

Ki hau duwatsun Birni bayan la'asar ki dubi launinsu da kyau. Ba toka zalla ba ne, akwai ja-ja, akwai ɗigon baƙi, akwai wani fari-fari inda ruwa ya saba bi. Cuɗaɗɗen ulu ya fi kowane ƙyalle iya wannan, don ana gauraya launuka tun a wurin shiɓa, su shiga juna babu iyaka. Ga ƴaƴan bagaruwa masu wuya-wuya, ga reshen goriba da ke rabuwa biyu ya sake rabuwa biyu, ga gawo da ke tsayawa tsirara da damina ya yi ganye da rani, ga layin da iska ke bari a kan rairayi a hanyar Tanut. In kina shakkar yin siffar mai rai, wannan tambayar malaminki ce ba tawa ba, amma itace da dutse da ƙaho sun ishe ki aikin shekaru. Magina da suka yi wa gidajen Birni ado ba su jira hoto daga ko'ina ba.

Launin ma a nan yake. Karan dafi da dukawa ke rina fata da shi yana ba da ja mai duhu. Lalle yana ba da ja-ja mai ruwan ƙasa, ɓawon albasa rawaya mai kyau, bagaruwa ita kaɗai ruwan ƙasa, in kika sa mata ruwan da tsatsar ƙusa ta jiƙa a ciki ta koma toka har baƙi. Ki taƙaita tsatsar, tana sa ulu ya yi ƙarau. Kafin rinin albasa da karan dafi ki dafa ulun da alam ɗin da ake kwantar da ruwa da shi, giram 10 zuwa 15 ga kowane giram 100 na ulu, wuta kaɗan-kaɗan, kada ya tafasa, kada ki juya da ƙarfi, ki bar shi ya huce a cikin tukunyar. Rinin baba ba ya bukatar alam, amma ki gaya wa marini ya tsoma ya cire da wuri, don ruwan toka da kanwa masu ƙarfi suna cin ulu, ba kamar auduga ba. Ki ɗauraye da ɗan ruwan tsamiya bayan haka. Zoɓo kuwa kada ya ruɗe ki. A tukunya ya fi kowa kyau, amma ba ya jure rana da sabulu, nan da nan sai ya koma dishi-dishi.

Kuma kilo biyu ba kaɗan ba ne, asu yana sonsa. Wanda ba ki taɓa ba tukuna ki tabbata ya bushe ƙayau, ki ɗaure shi cikin leda mai kauri da busasshen ganyen dogon yaro, ki ɗora a sama nesa da bango saboda gara, kina fito da shi rana lokaci-lokaci kina dubawa.