Tankin tsohon babur ya lotsa: a gasa shi da wuta ko a hura masa iska?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur Honda Roadmaster, CD 200, wanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saya a farkon shekarun 1980, kuma har yanzu fentin kamfani ne a jikinsa. Kwanan baya ya faɗi a tsakar gida, tankin ya bugi bakin dakali ya lotsa ta hagu, kamar faɗin tafin hannu. Ba ya yoyo. Mai waldan unguwarmu ya ce in juye man, a ɗauraye da ruwa, ya gasa wurin ya jawo shi. Mai faci kuma ya ce a toshe a hura masa iska, zai miƙe da kansa. Hankalina bai kwanta ba, ina tsoron rasa tankin nan, don da babur ɗin nake tuna Baba. Mece ce shawararka? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Malam, kada ka ba ko ɗayansu tankin nan. Tunda ba ya yoyo, aikinka ba na wuta ba ne.

Maganar mai faci ba ta da tsawo. Iska ba ta san inda lotsawa take ba, ko'ina take turawa daidai wa daida, kuma wurin da ya fi rauni shi ke fara bayarwa, wato ramin ƙasa da ke hawa kan firam. Sai ya buɗe, tankin ya ƙi zama a mazauninsa, ko ɗinkin gefe ya yage, lotsawar kuma tana nan. Tayar babur tana ɗaukar kusan psi 30 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska), shi kuwa tanki ko gwajin yoyo ba a wuce masa psi 2 zuwa 3.

Abin da za ka nema shi ne fanal bita mai aikin sanyi. Zai cire tankin, a juye man, a wanke, a bar shi a rana kaɗan fentin ya yi laushi, don tsohon fenti tsagewa yake idan an motsa ƙarfen da sanyi. Sai ya zura sandar ƙarfe mai lanƙwasasshen kai, wadda aka naɗe bakinta da roba, ta bakin tankin, ya riƙa turawa daga ciki kaɗan-kaɗan. Daga gefen lotsawar ake farawa, ana zagayawa ana matsowa tsakiya. Gwani zai ajiye doguwar fitila a gefe yana kallon layin haskenta a jikin fentin: inda layin ya karkace akwai saura, inda ya miƙe an gama. Wanda ka ga ya fara da dungurin tsakiya da ƙarfi, karɓe kayanka, ƙurji zai fito maka da shi. Akwai kuma masu liƙa ƙaramin maɓalli da gam mai zafi su jawo daga waje, amma fenti mai shekara arba'in yakan biyo gam ɗin, don haka ban ba ka shawararsa ba.

Idan bakin dakalin ya bar kaifin layi a tsakiyar lotsawar, ƙarfen ya riga ya ja ya ƙara tsawo a wurin, ba zai koma kamar yadda ya fito daga kamfani ba. A ganina ɗan tabo da fentin asali ya fi sumul da bodi fila daraja. In dole sai an shafa fila, kada kaurinta ya wuce milimita 3, in ba haka ba girgiza da zafin inji za su tsaga ta.

Yanzu maganar mai walda, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta: wai an juye mai, an ɗauraye, shi ke nan. Wannan magana ta kashe mutane, ta makantar da wasu. Ruwan fetur ba shi ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska. Kuma gaurayar tana da iyaka: tururi ya kai kusan kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar da ke wurin. A cikin tankin da yake cike, tururin ya yi yawa, iskar ba ta isa ba. Ranar da ka juye man, iska ta shiga ta cike gurbin, ranar ce ka haɗa gaurayar da hannunka. Tankin da ake cewa babu komai a ciki shi ne mai haɗarin. A tanki mai cin lita 10, fetur da bai kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba ya isa.

To ina wannan ɗan fetur yake ɓuya bayan an ɗauraye? Fetur ba ya haɗuwa da ruwa, kowa ya san wannan, amma sai a manta idan an zo kan tanki. Ruwan sanyi wucewa yake ta kansa. Yana maƙale a ɗinkin da aka haɗa sama da ƙasan tankin, yana cikin tsatsa, yana cikin dattin nan ja mai danƙo da tsohon mai ke bari a gindi, kuma babur irin naka ya tara shi shekara da shekaru. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka buɗe murfi a bar shi ya kwana ba ya fitar da shi, kwanciya yake a ƙasa. Sai mai walda ya shinshina ya ce ba ya jin wari. Da harshen wuta ya taɓa ƙarfen, zafi ya tayar da abin da ke maƙale, tankin da ba ya wari ɗazu ya sake cika da tururi, wuta kuma tana bakinsa.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu jefa ashana a ciki da gangan, wai don a ƙone saura, wasu har suna fatan ƙarar ta miƙar da lotsawar. Sai masu zura tiyo daga salansar mota su ce hayaƙi ya kori iska. Injin da kaburetarsa ke zubar da mai, fetur ɗin da bai ƙone ba yake hura maka, na dizal kuwa hayaƙinsa cike yake da iskar da wuta ke so. Babu wanda ke auna komai, sa'a kawai ake gwadawa. Idan ka yi magana a ce maka, "Shekara nawa muna yi, ba abin da ya faru." Idan ya faru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ai cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma ku lura da wanda ke riƙe da tankin: ba maigida ba ne, yaron shago ne ɗan shekara sha uku, ya durƙusa ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, fuskarsa daidai bakin murfi, ba tabarau. Iyayensa sana'a suka kawo shi ya koya. Na ga tankin da ya fashe, ɗinkinsa ya yage daga gaba har baya, bakin ƙarfen ya juyo waje da kaifi. Duk maigidan da ya sa ɗan wani a wannan wuri, ya sani amana ce aka ba shi, kuma za a tambaye shi.

Tartsatsin garandin da ake kankare fenti da shi, da na waldar lantarki, duk hukuncinsu ɗaya da harshen wutar waldar kabad.

Idan wata rana tankin ya huje, wuta ta zama dole, ga yadda masu hankali ke yi. A cire murfi da makullin mai. A wanke da tafasasshen ruwa da omo ana girgizawa, a zubar, a maimaita har ruwan ya daina fitowa da maiƙo a samansa. Sannan a cika shi da ruwa, a karkata shi yadda wurin aikin kaɗai ke sama da ruwan, a bar baki a buɗe. Mai halin iskar argon ko carbon dioxide ya bar ta tana gudana a ciki har a gama. Ƙaramar huda ma ba ta buƙatar harshen wuta: masu gyaran lagireto suna gasa ƙarfen dalma can nesa, su kawo shi su liƙe. Bayan an gama a shafa alli a wajen, a zuba kananzir a ciki, inda allin ya jiƙe nan ne yoyon. A busar da shi a rana nan take, don jiƙaƙƙen ƙarfe ba ya jimawa bai yi tsatsa ba.

In kana hawan babur ɗin kullum, ka leƙa kasuwar Fanteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano ka nemi tsohon tanki ka ɗaura kafin a gama da na Baba. Ka tafi da awon ramin ƙasa da tazarar kusoshin a takarda, domin sababbin da ake kawowa daga Chaina ba kasafai suke zama daidai a kan Roadmaster ba.